Sanarwa kan raba intanet tsakanin gidajenmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar haɗa kuɗi mu ɗauki intanet guda mu raba ta zo kan yadda za a kai shi gida-gida, don haka ga shawarata kafin zaman Juma'a.

Masu son a dogara da wifi kaɗai, ku duba ginin Birni. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye rezo, ƙofar ƙarfe da rufin kwano kuma suna tare shi. In aka aje akwatin wifi a zaure, da kyar rezonsa zai kai ɗaki na biyu. In akwatin na da rezo iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, na farkon ya fi ratsa bango, na biyun ya fi gudu amma sai kana kusa.

Ni dai kebul na fi so tsakanin gida da gida. Irin Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba. Sai dai a zura shi cikin tiyo a binne, don ranar Damagaram tana busar da robar ta tsage, awaki ma ba sa barin ta. A kowane gida sai a sa ƙaramin akwatin wifi a ƙarshen kebul ɗin, a rataye shi sama a inuwa.

Yawancin akwatunan nan volt 12 suke ci, batirin pano zai riƙe su in an ɗauke kuran.

Don Allah kod ɗin shiga wifi kar ya wuce gidajen da suka sa kuɗi. Wanda ke ciki ya rubuto sunansa nan, da kimanin nisan gidansa daga masallaci.