Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibin Da Ya Tambaye Ni Batun Kubrus

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar lacca ka miƙe a gaban jama'a ka ce: shin gaskiya ne Rumawa da Musulmi sun yi kusan shekara ɗari uku suna mulkin tsibirin Kubrus tare cikin aminci? Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba. Ga amsar.

Tarayyar gaskiya ce, amma kalmar "aminci" ta yi mata yawa.

A 649 Mu'awiya, yana gwamnan Sham a zamanin Sayyidina Usman, ya haye teku ya faɗa wa tsibirin. A wannan tafiya Sahabiya Ummu Haram bint Milhan ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Wurin da ake ziyarta a matsayin kabarinta yana bakin tafkin gishiri na Larnaka har yau. Sai a 688 Sarkin Rum Jastiniyan na Biyu da Halifa Abdulmalik suka amince su riƙa raba harajin tsibirin. Abdulmalik yana fama da Ibn Zubair, mai jayayya da shi kan halifanci, ba ya son wuta biyu a lokaci ɗaya. Gajiya ce ta haifi sulhun.

Abin da ke ci mini rai shi ne talakan Kubrus. Guminsa ɗaya, masu karɓa biyu, kuma kowane ɓangare na zarginsa da kai wa ɗayan tsegumi. Ba a jima ba Jastiniyan ya kwashi ɗimbin mutanen tsibirin da babban limamin cocinsu ya jibge su kusa da Kizikos, a gaɓar tekun Marmara. Mutum ya bar kurangar inabinsa da kabarin ubansa don sarki ya hana abokin gaba haraji! Bayan 'yan shekaru suka koma, amma har gobe shugaban cocin Kubrus na ɗauke da sunan wancan gari na gudun hijira, Sabuwar Jastiniyana, cikin laƙabinsa.

A zamanin Abbasiyawa an nemi fatawar malamai ko a warware alkawarin da ke tsakanin Musulmi da mutanen Kubrus, har da Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa. Ya ce kada a yi gaggawar karya shi. Duk da haka a 806 rundunar Haruna Rashid ta kwashi bayi masu yawa daga can.

A 965 Sarki Nikiforos Fokas ya mayar da tsibirin hannun Rum gaba ɗaya. In ka zo ofis, mu duba taswira tare, ka ga kusancin Kubrus da gaɓar Sham.

Naka,
Malaminka na tarihi