Zuwa ga aminina, daga hayin kogin Kaduna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan sai godiya. Na leƙa wajen Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na same ta da sauƙi, kumburin ƙafar ya saɓe. Ta ce in gaya maka ka riƙa kiranta da safe, don da an yi isha'i barci ke ɗauke ta.

Hotunan dajin da kuke hawan keke a can Ingila sun iso, na kuma daɗe ina kallonsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne alamun nan da aka kafa a bakin kowace hanya: kore ta sabon hannu, sai shuɗi, sai ja, baƙa kuwa ta gwanaye. Ka tambaya ko da gaske ne na koma hawan keke da furfurata. Da gaske ne, kuma labarin ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Tsadar mai ce ta fara kai ni. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, na ajiye mota na sayi keke na gwanjo don zuwa aiki, irin mai faɗin tayar nan, mai giya 21 da sifirin a gaba. Na yi watanni ina bin kwalta da shi, har wani maƙwabcina ya ce ina cutar keken, ba don titi aka ƙera shi ba. Ranar wata Asabar ya ja ni muka haye kogi. Tun daga ranar, in ba ruwan sama ya tsare mu ba, ba na fashi.

Mu uku ne, wani lokaci huɗu. Da an sallame asuba muke fita daga Unguwan Rimi, mu haye gada ta wajen Millennium City. Ba za ka gane wurin ba. Inda ka sani daji da gonaki, yanzu gidaje ne da harsashin gini ko'ina. Sai mun wuce su kwalta ke ƙarewa, a shiga jar ƙasa, daga nan hanya ta yi ta tsukewa har ta koma turbar da faɗinta bai fi kamu ɗaya ba. A wannan lokaci na kaka dawa ta fi mutum tsayi. Kana tafe ganyenta na marin fuskarka, raɓa ta jiƙa maka wando har gwiwa, ba ka ganin na gabanka sai dai ka ji ƙarar sarƙarsa. In ka ɓullo daga cikin dawar sai fili ya buɗe, ga ɗorawa da kaɗanya tsaitsaye a tsakiyar gonaki. Ka san manomi ko yana sharar gona ba ya sare su, saboda daddawa da man kaɗe. A gindinsu muke hutawa.

Akwai wani kwari da nake so ka gani. Hanyar tana gangarawa ta kan falalen dutse, ta faɗa cikin kurmi inda itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta samun ƙasa, sanyi ya buge ka kamar ka shiga ɗakin soro. A ƙasan akwai rafi mai yashi. Nan na fara shan ƙasa, domin na damƙe birkin gaba da ƙarfi, tayar ta nutse, na kife ta kan keken, kafaɗata ta yi sati biyu tana ciwo. Daga baya na gane yadda abin yake. In za ka gangara, ka ɗaga daga sirdi ka mai da nauyinka baya, birki biyun kuma a taɓa su tare, a hankali. In yashi ne, ka sauke giya tun kafin ka shiga, kada ka daina taka feda, kada kuma ka yi kokawa da kan keke, ka bar shi ya nemi hanyarsa. Rage iskar taya kaɗan ma yana taimakawa. Hular kwano dai ban ƙara fita babu ita ba.

Ka rubuta cewa a Kalifoniya ta Amurka aka fara wannan wasa wajen shekarun 1970, har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Haka ne. Amma da na karanta sai na tuna Ralin babanka, da yadda muke goya juna a kai mu gangara Rafin Guza, ba giya, birki ma sai an haɗa da ƙafa. Kuma ga inda namu ya bambanta da naku. Ku an zauna an tsara muku hanya saboda wasa. Tamu kuwa ƙafar manoma da kofaton shanu ne suka fitar da ita, kuma har gobe masu ita suna kai. Za ka sha kwana ka yi kiciɓis da matan Gbagyi ɗauke da itace a kafaɗa, kamar yadda al'adarsu take, ko garken shanu ya cika burtali. Dole ka sauka, ka ja gefe, ka yi gaisuwa. Na taɓa yi wa wani yaro da ya biyo mu faɗa sosai don ya ratsa ta cikin kunyar doya yana neman yanke. Gumin wani ne, kuma in muka ɓata da mutanen nan sau ɗaya, hanyar ta rufe mana ke nan.

Makon jiya ƙaya ta huda mini tayar baya, na duba jaka ashe gam ɗin faci ya bushe. Muna tsaye sai ga wani dattijo a kan tsohon Phoenix, ya ɗauro buhun masara a baya. Ya jingine kekensa, ya kwance wani ƙullin leda daga ƙarƙashin sirdi, ya fito da gam da guntun tsohuwar roba. Ya kankare wurin da dutse, ya shafa, ya jira ya sha iska, ya manna, ya danne da babban yatsa yana ba mu labarin damina. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Ya ce, “Ɗana, wanda hanya ta haɗa ku ai ɗan'uwa ne.” Sannan ya nuna mana wata turba ya ce kada mu bi ta, mu koma ta inda muka fito. Ba mu tambayi dalili ba, muka juya.

Wannan ne abin da ke ci mini rai. Filin da muke iya zagayawa ƙanƙancewa yake yi. Dajin Afaka da ke wajen Mando, mai dogayen layukan itatuwa, tun da aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji da ke can a watan Maris na 2021 babu wanda ya ƙara kawo maganarsa a cikinmu. Duwatsun Kajuru, da sun fi ko'ina dacewa da irin wannan keke, muna dai ambatonsu ne da baki. Dajin Kamuku na Birnin Gwari kuwa ba a ma magana. Saboda haka muke da ƙa'ida: ba ma shiga wurin da ba mu san mai unguwarsa ba, ba ma wuce inda waya ke daina kamawa, kuma kafin rana ta take muna gida. Ga kuma masu gawayi. Wani gefen kurmin da na ba ka labari, bara inuwa ce, bana kututture ne da baƙar ƙasa inda aka ƙona itace. Ba na zagin mai yi, yunwa ce da tsadar gas, amma ranar da na gani sai da na kasa magana.

Ka ce kana sa ran zuwa a Disamba. Lokacin an gama girbi, gonaki sun buɗe, rafin ya janye, sai dai ƙurar hunturu, don haka ka taho da abin rufe hanci. Na riga na yi maka maganar aron keke wajen maƙwabcin nawa, tsayinku ɗaya. In da hali ka riƙo mini robar birki guda huɗu da ƙaramar hular kwano, don babban yarona ya matsa sai ya bi mu, uwarsa kuwa ta ce ba inda za shi da kai a buɗe.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah Ya kawo ka lafiya.

Naka har kullum,
amininka na Unguwan Rimi.