Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA Kan Ɓarakar Da Fomat Ba Ya Toshewa

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya jama'a? Allah ya taya riƙo.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Kano, kuma da yawa daga cikin laftof ɗin da ke zuwa teburina na ma'aikatan gwamnati ne da malaman makarantu da ma'aikatan asibiti. Abin da ya sa na rubuto shi ne wani sashe na kwamfuta da ba kasafai nake jin an ambace shi ba idan ana maganar tsaron intanet a ƙasar nan, wato BIOS, wadda a sababbin kwamfutoci ake kira UEFI. Na san ba baƙuwa ba ce a wurinka, amma zan ɗan yi bayani saboda sauran masu karatu.

Wata 'yar manhaja ce da kamfani ke zubawa a wani ɗan guntu da ke manne a jikin madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa. Da zarar an danna makunni ita ke fara tashi, ta duba kayan cikin kwamfuta, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Ba a cikin hadis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, take zaune ba. To idan mai kutse ya samu shiga wannan guntu, a yi fomat, a sake zuba Windows, a ma cire hadis ɗin a saka sabo, yana nan daram. Anti-bayros kuwa sai bayan ya riga ya tashi take farkawa. Kamar mutum ne ya yi ta sauya kwaɗon ƙofa alhali ɓarawon yana kwance cikin rufin ɗaki.

Ba hasashe nake yi ba. A 2018 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya gano manhajar kutse mai suna LoJax a kwamfutocin gwamnatoci a yankin Balkan da tsakiya da gabashin Turai, ya kuma danganta shi da ƙungiyar masu kutse da ake kira Sednit. A farkon 2022 Kaspersky ya bankaɗo MoonBounce, shi ma a cikin wannan guntu. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne BlackLotus, domin daga ƙarshen 2022 aka fara tallarsa a dandalin masu kutse a kan dala 5,000, kuma a lokacin yana tsallake katangar Secure Boot, wato tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi tare da kwamfuta, ko a Windows 11 da aka sabunta tsaf. Abin da a da sai gwamnatoci masu ƙarfi ke iya yi ya zama haja, mai kuɗi ya saya.

Su ma kamfanonin da ke ƙera kwamfutocin suna barin ƙofofi a buɗe. A 2021 masu bincike na Eclypsium sun gano ɓaraka a tsarin BIOSConnect na Dell wadda ta shafi samfura 129, kimanin kwamfutoci miliyan 30. A 2022 aka gano wasu ɓarakoki uku a samfuran laftof na Lenovo sama da 100. A 2024 kuma kamfanin Binarly ya nuna cewa ɗaruruwan samfura sun fito kasuwa ɗauke da mabuɗin sirri na gwaji, wanda aka rubuta ƙarara a jikinsa cewa kada a amince da shi, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan mabuɗai ya riga ya fita a intanet. Waɗannan sunaye, irin su Dell da Lenovo, su ne suka cika ofisoshinmu.

Gaskiya kamfanonin sukan fitar da gyara. Matsalarmu ita ce gyaran ba ya isowa jikin kwamfutar. Duk laftof ɗin da aka kawo mini nakan shiga BIOS ɗinta in duba kwanan wata, kuma sau da yawa sai in tarar tun ranar da ta baro kamfani ba a taɓa sabunta ta ba. Babu kalmar sirri. Secure Boot a kashe, saboda yaron da ya zuba Windows daga filash ya ga tana hana shi aiki, ya kashe ta bai mayar ba. Ga kuma tokumbo masu mataccen batir: yawancin laftof ba sa yarda a sabunta musu BIOS sai da caja a jone da caji a batir, don haka irin waɗannan sun maƙale ke nan. Masu gyara ma suna tsoro, domin in wuta ta yanke ana tsakiyar aikin madabod na iya mutuwa, mai kaya kuma ya ce ka biya. A cikin irin waɗannan kwamfutoci ake ajiye takardun albashi da bayanan marasa lafiya.

Ma'aikatun da suka ɗauki abin da muhimmanci ba wani sihiri suke yi ba. Suna da rajistar kowace kwamfuta da lambar BIOS ɗin da ke kanta, suna tura sabuntawa daga wuri guda maimakon jiran kowane ma'aikaci. Suna kulle BIOS da kalmar sirri, su hana tayar da kwamfuta daga filash, su haɗa BitLocker, manhajar Windows mai kulle bayanan hadis, da guntun tsaro na TPM yadda za a farga in an taɓa hanyar tashinta. Wadda kamfani ya daina kulawa da ita sai a janye ta daga aiki mai muhimmanci. Tun 2018 hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta fitar da ƙa'ida mai lamba 800-193 a kan kare irin wannan manhaja da gano kutse da farfaɗo da ita, ba sai mun fara daga tushe ba.

Ranka ya daɗe, tunda hukumarka ce ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya kafin a kashe kuɗi, ina roƙon a sa wannan cikin sharuɗɗa. Duk ɗan kwangilar da zai kawo laftof ya nuna shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta BIOS ɗinta, ya kuma miƙa ta a sabunce, Secure Boot a kunne. A kuma umarci sassan kwamfuta na ma'aikatu su yi rajistar abin da ke hannunsu.

Akwai wani abu da ke buƙatar hanzari. Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na ƙarewa ne daga watan Yunin 2026. Kwamfutar da ba ta karɓi sababbi ba za ta ci gaba da tashi, amma gyaran tsaro na matakin tashi zai daina isa gare ta, kuma wasu sai an sabunta BIOS ɗinsu kafin su karɓa. Ya kamata sanarwa ta fita a kan haka.

Idan za a fitar, ina roƙon a yi ta har da Hausa, a kai ta inda masu gyara suke, irin su Farm Centre a nan Kano. Mu ne muke kashe Secure Boot ɗin nan da hannunmu, kuma da yawa cikin 'yan uwana ba su taɓa samun wanda ya zaunar da su ya gaya musu amfaninta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta daga Kano