Dokar gobara a tashoshin nukiliyar Amurka: ga abin da labarinku bai faɗa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na karanta ɗan labarin da kuka buga a shafin ƙetare, inda aka ce wasu tashoshin lantarki na nukiliya a Amurka sun ajiye tsohuwar dokar kariya daga gobara, sun koma wata sabuwa wadda kamfani ke auna haɗarinsa da kansa. Ni injiniyan lantarki ne, a irin waɗannan tashoshi na ƙare aikina, kuma ina cikin waɗanda suka yi wa wata tasha wannan sauyi kafin in yi ritaya. Labarin naku ba ƙarya ba ne, amma duk wanda ya karanta zai ɗauka an sakar wa kamfanoni mara ne su yi yadda suka ga dama. Ba haka abin yake ba. Akwai wurin da ya kamata a ji tsoro, sai dai ba nan ba ne.

Sai an koma ranar 22 ga Maris, 1975, kafin a gane zancen. A tashar Browns Ferry da ke jihar Alabama, wasu ma'aikata suna toshe ramin da wayoyi ke bi su ratsa bango, suna amfani da kyandir don su ga ko iska na zurarewa. Harshen wutar ya lashi soson robar da aka cusa a ramin, iska ta ja wutar zuwa ɗaya ɓangaren. Ta yi kusan awa bakwai tana ci, ta lalata wayoyi sama da 1,600, fiye da 600 daga cikinsu na na'urorin tsaro ne. An daɗe ana jin tsoron zuba ruwa a kan wayoyin lantarki, duk da shugaban 'yan kwana-kwana na garin Athens da ke kusa da tashar ya ba da shawarar a zuba. Da aka yarda aka zuba, cikin 'yan mintoci wutar ta mutu.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a kashe tukunyar nukiliyar, wato inda sandunan yuraniyom ke samar da zafin, a huta? An kashe ta. Matsalar ita ce sandunan yuraniyom ba sa hucewa nan take. A daƙiƙun farko suna fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin da suke bayarwa lokacin aiki, bayan wasu awoyi kuma kusan kashi 1. Kashi 1 ɗin nan a babbar tukunya ya haura megawat 30 na zafi, wanda ya isa ya narkar da sandunan in ruwa ya daina zagayawa. Shi ya sa kowane famfon sanyayawa ake yi masa na biyu, kowane bawul, wato abin buɗe bututun ruwa da rufe shi, da abokinsa. A Browns Ferry wayoyin na farko da na biyun a wuri ɗaya suka bi, wuta ɗaya ta haɗa su ta cinye. Ma'aikatan ɗakin sarrafawa sun yi dabara da wasu famfunan da ba don wannan aiki aka kafa su ba, ruwa bai sauka har ya bar sandunan a fili ba. Allah ne ya kiyaye, tare da ƙwarewar mutanen da ke bakin aiki ran nan.

Daga nan hukumar kula da nukiliya ta Amurka, NRC, ta fitar da dokar da ake kira Appendix R a 1980, don tashoshin da suka fara aiki kafin 1979. Dokar a fayyace take. In wayoyin famfo na farko da na biyu suna ɗaki ɗaya, zaɓi uku gare ka: ka raba su da shingen da zai jure wuta awa uku, ko ka ba su tazarar ƙafa 20 ba wani abu mai kamawa a tsakani, tare da na'urar gano wuta da mai kashe ta da kanta, ko ka naɗe ɗaya da abin da zai jure awa ɗaya, shi ma tare da waɗannan na'urori. A takarda ba abin da ya fi wannan kyau. Amma an riga an gina tashoshin, an zuba kankare, an ja dubban wayoyi. Ina za ka samo ƙafa 20 a ɗakin da bai kai faɗin haka ba? Sai kamfanoni suka shiga neman a ɗauke musu wannan sharaɗi ko wancan, hukumar kuma ta bayar da irin wannan izini sama da 900.

Sai kuma maganar abin naɗe wayoyi. Akwai wani mai suna Thermo-Lag da gomman tashoshi suka dogara da shi, a 1992 hukumar ta bayyana cewa ba ya jure wuta yadda aka ce. Wani mai suna Hemyc shi ma ya faɗi gwaji a 2005. Me aka yi kafin a gyara? Aka sa mutane sintiri, kowace awa mutum ya leƙa ɗaki ya ga ko akwai hayaƙi, ya sa hannu a takarda. An ce na wucin gadi ne, a wasu wurare aka shekara da shekaru ana yi. Wasu tashoshin kuma suka rubuta cewa in wuta ta tashi, ma'aikaci zai ruga ya murɗa bawul da hannu, ba tare da an nemi yardar hukuma ba, ba kuma wanda ya gwada ko hanyar da zai bi ba ta cike da hayaƙi. Wannan ita ce tsohuwar dokar da labarinku ya nuna kamar katanga ce aka rushe. Ofishin binciken majalisar dokokin Amurka, GAO, ya lissafa waɗannan matsaloli a rahotonsa na 2008.

Sabon tsarin sunansa NFPA 805. Ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka ce ta rubuta shi a 2001, hukumar NRC ta amince da shi a 2004, kuma ba dole ba ne, tasha ce ke zaɓa. Tashar Shearon Harris a Karolina ta Arewa da ta Oconee a Karolina ta Kudu su aka fara gwadawa da su, dukansu suka sami amincewa a 2010. Kusan rabin tukwanen nukiliyar ƙasar suka bi sahu, har da Browns Ferry kanta a 2015, shekara 40 bayan gobararta.

Bari in gaya maka yadda aikin yake, don a nan ne na fi sani. Ana raba tashar gida-gida. A kowane ɗaki sai a ƙirga duk abin da zai iya tayar da wuta: akwatunan makunnai, injin famfo da mansa, taransifoma, batura, har da kwandon shara da aikin walda. Kowanne akwai ƙiyasin sau nawa yake kamawa, wanda aka ciro daga tarihin gobarar da aka yi a tashoshin ƙasar. Sai a lissafa girman wutar, da inda zafinta zai kai, da wace waya ke wurin. Ko rigar waya ba ɗaya ba ce: mai narkewa ana ɗauka ta lalace a digiri 205 na ma'aunin Salshiyas, mai ƙonewa ta zama gawayi kuma a digiri 330. Daga nan sai babbar tambaya: in wannan waya ta ƙone, me zai tsaya, me kuma zai tashi da kansa? Domin waya in ta narke takan taɓa 'yar'uwarta, wuta ta tsallaka, bawul ya buɗe ba wanda ya taɓa shi. Da can ana ganin da wuya haka ta faru, sai gwajin da masana'antar ta yi a 2001 ya nuna tana faruwa fiye da zato. Duk wannan ake haɗawa bisa hanyar lissafi da hukumar da cibiyar binciken lantarki ta EPRI suka wallafa a 2005, a fito da adadi: yiwuwar gobara a wannan ɗaki ta kai ga lalacewar sandunan tukunya cikin shekara.

Ba za ka iya wannan lissafi ba sai ka san inda kowace waya ta bi, kuma a nan alherin sabon tsarin yake. A tashar da na yi aiki, wadda ba ta cikin waɗanda na ambata, mun ɗauki zane a hannu muna bin wayoyi da tocila, daga wannan tiren da ake shimfiɗa wayoyi a ciki zuwa wancan, a kan tsani. Wata rana zane ya ce wayar wani bawul ta bi ta bangon gabas. Muka same ta kwance a tire ɗaya da ta abokinsa, saman wani akwatin makunnai. Wani ne ya canja mata hanya tun lokacin gini bai gyara zanen ba. Shekaru masu yawa masu bincike na zuwa suna duba takardu suna cewa ɗakin ya cika doka, kuma bisa takarda ya cika. Aka sake jan wayar ta wata hanya. Da tsohuwar doka muke bi, da ba abin da zai sa mu hau wannan tsani.

Kuɗi kuwa an kashe, miliyoyin daloli masu yawa a kowace tasha, don haka wanda ya ce an gudu wa kashe kuɗi ne bai ga lissafin ba. Harris ta sa na'urori masu shaƙar iskar cikin akwatunan lantarki su gano ƙauri tun kafin wuta ta bayyana, ta kuma ƙara wani famfo mai janareta nasa don sanyaya abin da ke hana manyan famfunan tukunya yoyo. Kuma akwai abubuwan da lissafi ba ya taɓawa: dole kowane zagayen aiki a sami 'yan kwana-kwana aƙalla biyar a cikin tashar, dole ruwan kashe gobara da famfunansa su kasance a shirye, komai ƙanƙantar adadin da kwamfuta ta fitar.

Yanzu ga inda ni nake jin tsoro.

Adadi yana da kwarjini. In ka rubuta wa manaja cewa haɗarin ɗaki kaza ɗaya ne cikin miliyan goma a shekara, ba zai tambaye ka zato nawa ka jera kafin ka kai can ba. Ka ɗauka ma'aikaci zai isa bawul cikin minti 20, ka ɗauka na'urar yayyafa ruwa za ta tashi, ka ɗauka ba wanda zai ajiye gangar mai a lungu. Ka ɗan sassauta zato biyu ko uku, sai adadin ya sauko ƙasa da layin da ake nema, gyaran da zai ci kuɗi ya zama ba dole ba. Na zauna a tarurrukan da aka fi ɓata lokaci kan yadda za a tace lissafi fiye da yadda za a matsar da waya. Wani lokaci tacewar gaskiya ce, don hanyar 2005 ta tsananta a wasu wurare, kowa a cikin sana'ar ya san haka. Wani lokaci kuma ana so ne kawai a ci. Bambance su sai wanda ya san ɗakin da ƙafarsa. Tsarin kuma ya ba tasha damar ta amince wa kanta da ƙananan sauye-sauye in ƙarin haɗarin bai kai ɗaya cikin miliyan goma a shekara ba. Ban ƙi wannan ba, amma da kaɗan-kaɗan kututture ke zama toka, dole wani ya riƙa tara su yana duba jimla.

Lissafin kuma ba ya wuce iyakar abin da aka sani a ranar da aka yi shi. Akwai irin fashewar da ke faruwa a manyan akwatunan makunnai, inda lantarki ke tsallakawa ta iska da ƙarfi, ƙarfe ya narke ya fantsama. Ta faru a tashar Robinson ta Karolina ta Kudu a 2010, ta faru a Onagawa ta Japan lokacin girgizar ƙasar 2011. Hanyar 2005 ta ɗauka ɓarnar ba ta wuce ƙafa 3 a gefe da ƙafa 5 a sama. Da aka yi gwaje-gwaje, sai aka ga in akwai alminiyom a cikin akwatin ɓarnar kan fi haka, hukumar ta sanar da tashoshi a 2017, aka koma aka sake nazari. Abin yabo ne da aka gano. Amma duk adadin da aka fitar kafin nan an fitar da shi ne ba tare da wannan sani ba.

Sai jinkiri. A wancan lokacin, tashar da ta ce za ta sauya, hukumar takan ɗaga mata ƙafa kan wasu laifuffukan tsohuwar doka har ta gama, kuma sauyin da aka zata na 'yan shekaru ne ya ja sosai. Ƙungiyar masana kimiyya ta Union of Concerned Scientists ta daɗe tana ƙorafi a kan wannan, kuma a nan ina tare da su. Oconee ma ta sami amincewa ne bisa alkawarin kafa wani sabon tsarin ruwa da lantarki na ko-ta-kwana, wa'adin ya wuce ba a gama ba, sai da hukumar ta ba da umarni a rubuce a 2013. Lissafin da ya dogara da famfon da ba a kafa ba tukuna, ai ba ya sanyaya komai.

Saboda haka, Malam Edita, in wakilinku zai sake taɓa wannan batu, kada ya tsaya kan wace doka tasha ke bi. Ya tambaya ko an kammala gyare-gyaren da aka yi alkawari lokacin sauyin. Ya tambaya yaushe aka sabunta lissafin gobarar, da ko masana daga waje sun duba shi. Ya tambaya wurare nawa ne har yanzu ake dogara da mutum ya ruga da ƙafa, da ɗakuna nawa ake wa sintiri saboda wani shinge ko wata na'ura ta lalace, kuma tun yaushe. Rahotannin masu binciken NRC na kowace tasha suna nan a shafin hukumar na intanet, kyauta, da sunan tasha da kwanan wata, kuma yawancin amsoshin suna ciki.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Injiniyan lantarki mai ritaya, daga Amurka