Wasiƙa a kan yadda Yahudawa ke zama da Talmud

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can?

Ka yi mini tambaya kan hayaniyar da kake ji daga ɗakin karatun Yahudawan unguwarku, har ka zaci rigima ce. Karatun Talmud ne, wato babban kundin dokokin addininsu da muhawarar malamansu, kuma ibada suka ɗauke shi, shi ya sa kowace safiya suke yin addu'a ta musamman kafin su fara. Biyu-biyu ake zama, suna kiran tsarin habruta. Ɗaya ya karanta jimla da ƙarfi ya fassara, ɗayan ya kawo suka, ba a matsawa sai an warware. Abokin karatun da komai aka faɗa sai ya ce "haka ne" ya cuce ka, domin kuskurenka zai kwana a kanka.

In ka samu dama, leƙa shafin Talmud ɗin. Matani na tsakiya: Mishna, tarin dokokinsu na baka, da Ibrananci, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sai Gemara, muhawarar malamai a kanta, galibi da Aramiyanci. Sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, yana gefen da ke kusa da ɗinkin littafin, Tosafot kuma, sharhin malaman da suka biyo bayansa, a gefen waje. Bugun birnin Vilna da aka saba da shi ba wasali, alamomin tsayawa ma kaɗan ne. Nan sabon ɗalibi ke faɗuwa: ya karanta tambaya a matsayin amsa, sai dukan hujjar ta juye masa. Maganinsa rera karatun, murya ta hau a tambaya, ta sauka a amsa.

Akwai tsarin ganye ɗaya kullum, gaba da baya, wato Daf Yomi, da Rabbi Meir Shapiro ya kawo a 1923. Ganye 2,711 ne, ana saukewa cikin shekara bakwai da kusan wata biyar. A ganina ya yi wa mai farawa sauri. Ba ya barin lokacin bita, abin da aka karanta Lahadi ya gudu kafin Laraba. Gara gajerun sassa biyu na Mishna a rana, a maimaita kowanne sau huɗu, a rufe littafi a faɗe shi da ka.

Kada kuma ka ɗauki kowane ra'ayi a ciki a matsayin hukunci, yawancinsa jayayya ce. Hukuncin aiki yana littattafai irin Shulhan Aruk. Idan suka kammala littafi guda sukan yi walima, siyum, kamar tamu ta sauka. In sun gayyace ka, rubuto mini abin da ka gani.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka