Tausayin mutanen gidanmu ya fi ciwon kwantar da ni

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki ya zafi, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri naki. Dan Allah in za ki karanta wasiƙar nan ki sakaya sunana da na unguwarmu, kin san Damagaram, kafin ki rufe baki an gane ko wacece. Kuma ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake latsa wayar, na daman in ya daɗe a sama sai ya yi nauyi.

Shekarata 43, ƴaƴana huɗu, mu biyu ne wajen maigida ni ce uwargida. Sana'ata alkaki, kusan shekara 20 ina yi, da wuya a yi biki ko suna a layinmu ba a ɗauki kwalla a wajena ba, har masu tafiya Yamai da Agadas suna aikowa a yi musu na tsaraba. Bara da damina na ji wani ƙullutu a nonona na dama kamar ƙwallon aduwa, ba ciwo ko kaɗan, shi ya sa na raina shi, wata huɗu cur ina shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wannan kam laifina ne ban ɗora wa kowa ba. Sai da kan nonon ya fara shigewa ciki fatar wajen ta koma kamar ɓawon lemu sannan na je asibiti aka yi mini eko, wato hoton cikin nonon da na'ura, daga nan aka tura ni Yamai, suka ɗebi ƴar tsoka suka auna, sakamako ya fito ciwon daji ne. An yi mini aiki an cire nonon gaba ɗaya har da kaluluwar hammata. Yanzu ina kan shimiyo, wato ruwan maganin dajin da ake ɗaurawa ta jijiya, duk bayan kwana 21, guda 6 aka rubuta mini na yi 4.

Ba maganar magani na kawo miki ba Hajiya, wannan likitoci suna iya ƙoƙarinsu kuma ni ma na koyi zama da shi. Bari ma in faɗa miki yadda kwana 21 ɗin nan suke tafiya don ki gane inda matsalar take. Mu shiga kar, wato babbar motar fasinja, tun kafin asuba, kusan kilomita 900, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sai dare mu shiga Yamai ƙafafuna sun kumbura kamar an hura. Washegari analiz, wato gwajin jini, in jinin ya kai sai a ɗaura ruwan. Na farko-farkon akwai wani ja a ciki, ranar da na fara ganin fitsarina ya koma kamar zoɓo na yi salati na ɗauka jini ne, ashe launin maganin ne, kwana ɗaya biyu ya wuce. Makon farko bayan ruwan ba ni da amfani, amai, bakina kamar na tsotsi ƙusa, ƙamshin mai a wuta ko daga maƙwabta ne sai cikina ya juya. Abin da ke shiga sai kunun tsamiya mara kauri, ɗan tuwo da miyar kuka kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a wuni maimakon in zauna in cika ciki, da ruwan citta da lemun tsami, kuma ina kurkure baki da ruwan gishiri saboda gyambon da ke fitowa a ciki. Mako na biyu shi ne wanda suka ce sojojin jini suna sauka ƙasa, tsakanin kwana na 7 da na 14, nan ba na shiga taro, ba na shan nonon kasuwa sai wanda aka dafa, ba ɗanyen ganye, kuma na sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi na ajiye ƙarƙashin filo don sun ja mini kunne in ya kai 38 kada in jira gari ya waye. Amma mako na uku Hajiya, lafiyata lau. Wallahi lau. Ina jin yunwa, ina jin dariya, ina son in ɗaura zane in share tsakar gidana.

To wannan makon nawa shi aka ƙwace mini, kuma da sunan tausayi aka ƙwace shi, shi ya sa na rasa bakin magana.

Abokiyar zamana yarinya ce ta gari, ba zan ci amanarta ba. Tun da na dawo daga aikin ita ke wanke ƴaƴana ƙanana, ita ta zauna da ni ranar da gashina ya fara zuba, kwana 15 bayan ruwan farko, na cire kallabi na ga kitson ya biyo shi, ita ta ɗauko reza ta aske sauran tana kuka ina ba ta haƙuri. Amma daga ranar ta karɓi girki duka, nata da nawa, kuma har yau ba a mayar mini ba. Rannan cikin makon lafiyata na tashi da ƙarfina na ɗora tukunya, na riga na yi talge na ɗauki muciya, sai ga ta da gudu daga ɗaki ta zare ta daga hannuna tana cewa haba Yaya, so kike Malam ya ce na bar ki kina wahala? Na tsaya a madafar da na yi shekara 24 ina dafa abinci a ciki kamar baƙuwar da ta ɓata hanyar makewayi. Na koma ɗaki na kwanta, ba ciwo ba komai, kwanciyar dai da ake so in yi.

Na san hannuna ba kamar da ba, an ce kada in ɗauki abu mai nauyi da shi kuma in kiyaye yanka da ƙuna don kada ya kumbura, bidon ruwa na lita 25 ɗin nan da muke saye wajen ƴan garuwa ko kallonsa ba na yi, daka ma na haƙura. Amma likitan da kansa ya ce in riƙa motsa jiki, in riƙa tafiya da sanyin safe, in yi ƴan aikace-aikace, har ya nuna mini yadda zan riƙa hawa bango da yatsu don kafaɗar ta sake. Na faɗa musu a gida suka ce ai likita ba shi zai yi jinya ba in na faɗi.

Sai Inna, uwar maigida. Ita kuma ta sa an ɗiga jan farce a gindin kwanona da kofina, wai don kada su haɗu da na yara. Na ce Inna wannan ciwon ba a ɗauka, ba kamar tarin fuka ba ne, ko a asibiti masu jinya da mu suke cin abinci kwano ɗaya. Ta ce to ta ji, amma rigakafi ya fi magani. Autana ɗan shekara 5 da ya saba sa hannu a kwanona yanzu in ya matso sai a daka masa tsawa, jiya ya tsaya daga bakin ƙofa yana tambayata Mama in na taɓa ki zan mutu? Wannan ta fi amai zafi. Ga masu zuwa dubiya, Allah ya ba su lada, amma kowa da labarin wata da aka yanke wa nono ba ta yi wata uku ba, kowa da ƙullin maganinsa, wannan sassaƙe daga Mirya, wannan fitsarin raƙumi, wannan wai daga Kano aka kawo. Tofi da addu'a ina karɓa hannu biyu, na sha kuwa sai in ce na gode in tura ƙarƙashin gado, don an hana ni haɗa komai da shimiyo ba tare da na tambaya ba. Ƙarƙashin gadona yanzu ya fi rumfar mai magani a kasuwar Dole kaya.

Alkakin ma ya tsaya. Wasu sun daina aikowa don tausayi, wasu na san ƙyama ce, ba sai an faɗa mini ba. Kuma kuɗin alkakin nan da shi nake rage wa Malam nauyin kuɗin mota da analiz, yanzu komai sai na miƙa hannu, har na sayar da tunkiyata biyu ban faɗa masa ba.

Shi Malam ɗin, nan ne maganar ta fi mini nauyi, amma tunda ba ganina kike ba bari in faɗa. Bai gaza mini da komai ba, ya ci bashi saboda ni, shi ya kwana a ƙasa a Yamai lokacin aikin. Amma tun da girki ya bar hannuna kwana ma ya bi shi, ba wanda ya zauna ya yanke hakan, haka kawai abin ya zame. Yana shigowa bayan isha ya zauna a bakin gado ya ce ya jikin, in ce da sauƙi, ya yi mini addu'a ya tashi. Har yau bai ga wajen aikin ba, ni ma ban nuna ba, ina cusa auduga a rigar nono in yafa mayafi ko a cikin ɗaki. Ban sani ba ko tsoro yake kada ya fama mini, ko kuwa ransa ne ba ya so, kuma ina tsoron in tambaya in ji amsar da ba zan iya ɗauka ba. Al'adata ma ta ɗauke tun ruwa na biyu, dare ya yi zafi ya taso mini daga ƙirji zufa ta jiƙa ni sharkaf, sai in zauna ni kaɗai ina fifita ina jiyo hirarsu a tsakar gida.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru, in na gama ruwa biyun da suka rage akwai gashi na na'ura, wanda suke ce wa reyon, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, tun 2021 ake yi a can alhamdulillahi ba sai an fita waje ba. Shi kuma kullum ne Litinin zuwa Juma'a har makonni, dole in tare a can gidan ƙanwata. Bayansa kuma akwai ƙwaya da suka ce zan sha shekara 5. Kenan wannan ba jinyar kwana bakwai ba ce da za a ce in kwanta har in warke sannan in karɓi gidana. In na tafi Yamai a haka, ba girki ba sana'a ba miji, me zan dawo in tarar? Gani nake zan dawo a shimfiɗa mini tabarma a kawo mini ruwa kamar wadda ta zo yini.

Dan Allah Hajiya ki ba ni shawara, ta yaya zan nemi a mayar mini da kwanan girkina ko da a makon lafiyata ne kaɗai, ba tare da abokiyar zamana ta ga kamar na raina wahalar da ta yi mini ba ko ta ɗauka kishi ne ya motsa? Ita zan fara samu mu biyu, ko ta wajen Malam ya kamata maganar ta fito? Shi kuma ni zan fara buɗe masa maganar ɗaki, mace da girmana, ko in sa yayata ta yi masa a kaikaice? Na yi tunanin in roƙe shi ya raka ni randebu na gaba ya ji daga bakin likita da kunnensa, amma kuɗin motar mutum biyu ba wasa ba. Maganar Inna kuma in da hali ki gayyato wani likita cikin shirin ya faɗa da Hausa ɓaro-ɓaro cewa ba a ɗaukar ciwon nan a kwano, don ba ta wuce shirinki, rediyonta na kan cinyarta, abin da ta ji a rediyo ya fi mata wanda ta ji a bakin suruka.

In kin samu dama ki karanta kafin ƙarshen watan nan, don yanzu ina cikin makon lafiyata ne, Talata mai zuwa zan sake hawa kar.

Taki mai saurare kullum, daga Damagaram.