Kafin a Kafa Murhu a Tsohon Soro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu ja hankalin masu sha'awar mayar da tsofaffin gidajen ƙasa wurin cin abinci na alfarma. Abin yana yiwuwa. A Agadas, gidan da aka gina wa Kawusan, jagoran Abzinawan da suka yaƙi Faransawa, a 1917, daura da babban masallaci, shi aka mayar otal, kuma yana cikin tsohon garin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin wuraren tarihi a 2013. Sai dai ruwa ne ajalin ginin ƙasa, gidan abinci kuwa a cikin ruwa yake wuni.

Saboda haka kicin, wurin wanke-wanke da banɗaki a gina su daban a tsakar gida, a bar soro da zaure ga baƙi. Kada a fafe bango a binne bututu. In ya fara yoyo ba mai sani, sai ranar da gindin bangon ya zauna. Ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa ma a ja shi nesa, haka bakin indararo.

Babban kuskure shi ne shafe bangon tubali da siminti don ya yi ƙyalli. Siminti da ƙasa ba sa jituwa: zafi ya buɗe tsaga, ruwan sama ya shiga, ya rasa mafita, tubali ya jiƙe daga ciki alhali waje sumul. Bango yaɓen makuba yake so, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuma laso, wato yaɓen da ake haɗawa da katsi (dagwalon da ke kwanciya a gindin rijiyar marina) da gashin jima da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Laso mai kyau yakan kai shekara biyar, amma duk shekara kafin damina a hau a duba.

Azara, itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta wuce kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba. Shi ya sa ake ɗaurin baka, wato lanƙwasasshen tallafi mai riƙe rufi, a manyan ɗakuna. Wanda ya rushe bango don ya ƙara tebur huɗu, wallahi rufin ya taɓa. Kada a rataya fanka ko fitila mai nauyi a jikin azara, kuma janareta a nesanta shi, don girgizarsa na tsaga yaɓe.

A kira Sarkin Magina ko mutanensa tun kafin a yi zane.

Naku,
Wasu magina, Kano